Sawun Mai-kunya a Kan Tire

Ku da kuka zo yau da wayoyi a hannu kuna cewa aikin nan ai zaman bakin ruwa ne kawai ana sauraren tsuntsaye, ku matso kusa. Wancan mai jar hular ya nuna mini wani abu a wayarsa da ke jin kukan tsuntsu ya faɗi sunansa nan take. Na gani, kuma ya burge ni, ba ƙarya. Amma ina so ya gaya mini abin da wayar za ta ce ranar da tsuntsun ya ƙi yin kuka. Ni na ga wannan ranar, har ta kusa cinye mana fadama, shi ya sa kafin in bar ku ku taka ruwa sai kun ji yadda aka yi.

Sunana Garba. A Ƙofar Wambai aka haife ni, mahaifina tela ne, kuma har yau mutanen unguwa Garba Kazar-ruwa suke ce mini, ba kuma don yabo ba. Wanda ya sa ni a wannan hanya shi ne Malam Buba, wani Bafillace malamin daji da ke zaune a unguwar Ɗan Iya. Wando ya kawo gyara shagon babana, ya ce yana neman saurayin da ya iya keke kuma ba shi da yawan surutu. Baba ya dube ni ya ce keken dai na iya. Haka aka ɗauke ni, da rabin abin da ake nema.

Aikin farko da ya ba ni, ina tsammanin madubin hangen nesa zai rataya mini a wuya in riƙa yawo ana kallona. Ina! Sakaina ya miƙo mini, ɓarin tsohuwar ƙwarya. Ya kai ni wata fadama a arewacin gari, idan ka bar titin Gubi ka gangara, wadda mutanen wurin ke ce wa Tafkin Jauro. Ya nuna mini bakin ruwa inda kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta yi duhu, ya ce in durƙusa in shafe taɓon nan ya yi sumul kamar ɗakin amarya da aka yi wa sabon daɓe. Da la'asar nake shafewa, da asuba mu dawo mu ga abin da ya taka. Damina guda cur ina wannan, gwiwoyina suka yi kanta, ni kuwa a raina cewa nake tsohon nan mugunta ce kawai ke cinsa.

Shafar taɓo kuwa tana da nata sani. In ya yi ruwa da yawa, sawu na rufewa da kansa kafin gari ya waye. In ya bushe, tsuntsu mara nauyi zai bi ta kai bai bar komai ba. Sai ka same shi kamar ƙullin ƙosai da ya ji bugu, ka kwantar da sakainar ka ja ta wajenka, kana ja da baya don kada ka ɓata da ƙafarka. Ni hannuna na da nauyi, kullum sai na danne, Malam Buba ya ce, “Ɗan tela, ba guga aka ba ka ba.” A kan wannan taɓon na koyi bambanta jan cikin guza da na maciji, da tsallen kwaɗo, da sawun ɓeran fadama, da na zalɓe mai faɗi, da siririn sawun baƙar kazar ruwa, ƙaramar nan mai jajayen ƙafafu da kuke ji tana rigima da safe.

Amma ba don su muke zuwa ba. Akwai babbar, wadda Malam Buba ya sa wa suna Mai-kunya. Girmanta ya kai na kazar gida, jikinta shuɗi kamar zanen da ya sha baba, bakinta ja jawur, goshinta ma ja, ga yatsu zara-zara. Tsuntsuwa mai irin wannan ado ka ce za ta so a gan ta, amma sai ka shekara kana zuwa ba ka ga ko jelarta ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cin abincinta. Takan fizgo karan kacalla, ta riƙe shi da ƙafa ɗaya, ta ɓare da baki ta ci farin cikin, ta zubar da ɓawon a wuri guda, kamar mutum ya zauna shan rake a bakin tasha. In ka ga wannan tarin ɓawon a kan ciyawar da aka tattake, to ta yi kalaci a nan. Ranar da na fara ganinta ido da ido, ta leƙo ne kawai ta kaɗa farin gashin ƙarƙashin jelarta ta koma, ni kuwa na manta a ruwa nake na zauna daɓas.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Takalmin roba mai kaiwa gwiwa, wanda amfaninsa ke ƙarewa da zarar ruwa ya wuce gwiwa, don daga nan bokiti biyu kake ja. Doguwar sanda ta gwada zurfi, ita ce kuma ke yi wa maciji sallama kafin ƙafarka ta isa. Gishiri a ƙullin leda saboda matsattsaku, kada kuma wani ya ce zai fizge ta da hannu, bakinta za ta bari a cikin fata. Tufafi masu duhu. Turare kuwa a bar shi a gida, ba don tsuntsu ba, don ni. Sai haƙurin sauro, wanda ba a sayar da shi a kasuwar Wunti.

Daga baya rikoda ta zo. Wasu masu bincike ne suka kawo wa ofishinmu, da kaset ɗauke da kukan tsuntsayen fadama. Dabarar ita ce, waɗannan tsuntsaye ba sa son a gan su amma ba sa jure jin baƙo a gidansu. In ka kunna kukan ɗan'uwansu, mai wurin zai amsa daga cikin kacalla, wani lokaci har ya tako ya zo ya ga wane mara kunya ne. Ranar da muka fara gwadawa Mai-kunya ta amsa daga wurare dabam-dabam, da kukan nan nata mara daɗi kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Abin da muke shan wata muna nema a taɓo, ga shi ya zo mana kafin shayi ya huce. Daga ranar na jefa sakainata bayan ɗaki, kuma na yi murna ƙwarai.

To ita ma rikoda ba danna maɓalli ba ce kawai, ku da kuke murmushi. Muna da turaku da muka kafa a gefen fadama, kullum a nan ake tsayawa, ba inda ka ga dama ba, don a iya gwada bana da bara. Bayan sallar asuba ake farawa, kafin rana ta yi zafi. In ana iska a koma gida, kacalla ce kawai za ka ji tana shuu. In ka isa turke ka fara yin shiru tukuna, domin wanda ya yi kuka da kansa ya fi wanda ka tsokano. Sannan ka kunna kaɗan, ka kashe, ka sake yin shiru. Ka lura da inda amsar ta fito, don akwai ɗan banzan namijin da zai bi ka daga turke zuwa turke yana zaginka, kai kuwa ka koma ofis kana murna ka samu garke. Babbar dokar Malam Buba kuma ita ce ba a maimaitawa. Tsuntsuwar da ke kan ƙwai in ka dame ta da kukan kishiyar ƙarya za ta tashi neman faɗa, guza kuwa yana nan kusa yana jira.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai ɗaliban jami'a masu rubuta aikin kammala karatu, wasunsu sun fi ni sanin sunayen tsuntsayen duniya, kuma na ƙaru da su sosai. Wata yarinya ce ma ta fara nuna mini cewa wasu ƙananan tsuntsayen da nake gani da rani daga ƙasashen Turawa suke tasowa, na kwana biyu ina juya abin a raina. Akwai masu ɗaukar hoto, su ne masu wahala. Mutum zai zo da kyamara mai tsawon taɓarya, yana so cikin safiya ɗaya tsuntsuwa ta fito ta tsaya masa inda haske ya fi kyau. Wani Alhaji daga Kaduna ya yi ta roƙona in ƙara kunnawa, in ƙara ƙara, har ya ce in bai samu hoton ba ya yi asarar mai. Na ce masa ai ba ita ta gayyato shi ba. Bai sake nemana ba.

Amma waɗanda aikin ya dogara a kansu su ne mutanen bakin fadamar, kuma ku buɗe kunne a nan. Manomin lambu ba ya ƙaunar kacalla, kuma yana da gaskiya. Tana toshe hanyar ruwa, tana cinye ƙasar da zai sa tumatir da albasa, jan-baki na kwana a cikinta su tashi su far wa gero. In ka je kana yi masa wa'azin tsuntsu alhali ’ya’yansa na jiran abinci, dariya zai yi maka, in ya ga dama ke nan. Malam Buba ya san haka. Shi ya zauna da Jauro, mai garin wurin, da Sarkin Noma, suka yi magana ta baka, ba takarda. Kowace shekara in ruwa ya ja baya, mu za mu shiga da adduna tare da su mu sare hanyoyi a cikin kacalla don ruwa ya kai lambuna, shanu su samu mashaya. Su kuma za su bar kusurwar gabas, inda ruwa ke kaiwa bazara bai ƙafe ba, ba ƙonawa, ba sharewa, muddin Mai-kunya na zaune a ciki. Muddin tana ciki, haka aka faɗa. Shaida kuwa mai sauƙi ce, duk kaka sai mu tara su a turken gabas mu kunna rikoda, ta amsa, kowa ya yi dariya a watse. Shekara da shekaru haka muke, har Malam Buba ya yi ritaya, idanunsa suka fara rufewa, aikin ya dawo hannuna.

Shekarar da ta ɓaci, a cikin keke napep na fara jin ƙanshinta. Na taso daga Wunti zan je unguwar Fadaman Mada gaisuwar rasuwa, muna tsakiyar cunkoso, sai na ji Mai-kunya ta yi kuka a bayan kunnena. Wallahi sai da na leƙa ƙarƙashin kujera. Ashe wayar mai keken ce ke ringin. Na ce masa, samari, ina ka samo wannan? Ya ce wani abokinsa ne mai kawo kayan gwari daga wajen Gubi ya tura masa, wai kukan aljanin fadama ne, yara na ta tura wa juna ana dariya. Sai na tuna, a taron kakar da ta wuce na ga samari sun miƙo wayoyinsu kusa da lasifika, na ɗauka hoto suke yi. Ni ma na yi dariya a keken nan, har na ce ya sake kunna mini.

Dariyar ba ta daɗe ba. Akwai wani Hamisu, ƙanin Sarkin Noma, maharbi ne kuma gwanin tarko, mutum mai kaifin kai. Shekaru yana kallona daga lambunsa ina kiran tsuntsu da akwati yana zuwa. Da kukan ya shigo wayarsa bai tsaya dariya ba. Ya ɗaure wayar a leda, ya rataye ta a karan kacalla, ya zagaye wurin da zarge na igiyar roba, ya bar ta tana ta maimaitawa. Wasu suka gani suka kwaikwaya. Ban ji labari ba sai da wata mata mai tallar nono ta ce mini ta ga shuɗin gashi a bola a bayan gari, irin wanda ba ta taɓa gani a jikin kaza ba. Na je na tsince shi da hannuna, raina ya ɓaci ƙwarai. Na kai ƙara wurin Jauro, ya tsawatar, aka daina a fili. Amma damina ta riga ta yi nisa.

Daga nan fadama ta yi tsit. Baƙaƙen ƙananan suna nan suna rigimarsu, zalɓe na nan, kirinjijiya na sauka, amma in na kunna kukan Mai-kunya a kowane turke, ba abin da ke dawowa sai kwaɗi. Abin da ya riƙa cin raina ke nan, har abinci ya daina yi mini daɗi. Shin an cinye su ne duka, ko sun tashi sun bar wurin, ko kuwa suna nan a ciki suna jina sun gane cewa duk wanda ya amsa wannan kiran ba ya dawowa? Tsuntsu na iya koyon haka? Na tambayi wani malamin jami'a da muke mutunci, ya ce mai yiwuwa ne, amma shi ma ba zai rantse ba. Rikoda dai ba ta iya bambanta gidan da ba kowa da gidan da aka ƙi amsa sallama.

Kaka ta yi, aka taru a turken gabas kamar kullum. Na kunna, shiru. Na jira, na sake sau ɗaya, na kashe. Sarkin Noma Ɗanjuma ba mugun mutum ba ne, mun sha cin tuwo a kwano ɗaya, amma yana da samari da suka yi aure ba su da inda za su kafa lambu, kuma ƙasar kusurwar nan baƙa ce wuluk, kowa na haɗiyar yawu a kanta. Ya ce wa Jauro magana dai magana ce, an ce muddin tana ciki, ga shi kuwa mai ita ya kira ta da kansa ba ta amsa ba. Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, ni ma ban ce ba. Na roƙi Jauro ya ba ni lokaci. Ya ce kacalla ba za ta ci wuta ba sai ta ƙara bushewa, ya ba ni zuwa tsayuwar wata, in ban kawo abin da ido zai gani ba, to za a sa ashana.

Ranar na koma gida na shiga bayan ɗaki ina tone-tone, matata Hajara na tambayata ko kuɗi na binne. Tsohuwar sakainar ta daɗe da ruɓewa, sai na fasa wata ƙwaryarta da ta tsage. Washegari da la'asar ga ni a durƙushe a bakin ruwa, da furfurata, ina shafar taɓo kamar ranar farko, masu lambu na wucewa suna yi mini sannu irin wadda ake yi wa mara lafiya. Safiya bayan safiya ba abin da nake samu sai guza da ɓera da ƙananan kajin ruwa. Sai na ce wa kaina, Garba, wadda aka kashe wa dangi a bakin ruwa me zai fito da ita bakin ruwa? Na kutsa ciki. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, kacalla na yankar fuska, matsattsaku sun samu biki. Can tsakiya, inda ban taɓa shiga ba duk shekarun nan domin rikoda ta hutar da ni, na tarar da ɗan tudun taɓo wanda bai fi tabarma ba. A gefensa ga tarin ɓawon kacalla, fari, ɗanye, ko rana bai sha ba.

Na tsaya riƙe da sanda ina ta kallon ɓawon nan, daɗi ya cika ni. Sai kuma wani tunani ya zo mini. In na kawo Jauro da Sarkin Noma nan su gani, rabin gari zai biyo su, Hamisu na ciki, kuma hanyar da ƙafafunmu za su buɗe ba za ta rufe ba. In na nuna wurin na ba da ita, in ban nuna ba a ƙone ta. Ɓawo kuwa ba shaida ba ne, kowane yaro zai iya ɓare kara da haƙori. Hoto ma na yi tunani, amma a garin da kukan tsuntsu ke fitowa daga aljihun mai keke, wa zai yarda da abin da ke cikin waya?

Babban tiren Hajara na ɗauka, wanda take jera kwanukan baƙi a kai, ban kuma gaya mata inda za shi ba. Na kai shi tudun nan a ka, na haƙa masa wuri na binne shi daidai da ƙasa, na cika shi da taɓo mai kyau, na shafe, na ɓare ’yan karare na ajiye a gefensa na can, yadda sai an taka tiren za a kai gare su. Kullum ta wata hanya dabam nake shiga, in na fito in tayar da kacallar da na kwantar. Safiyar farko kwaɗo ne ya kwana a kai. Wata safiyar guza ya bi ta tsakiya ya share komai da jela, na zage shi tas kamar yana ji. Wata na ta ƙanƙancewa, har na ga samarin Sarkin Noma sun fara share gefen da wuta za ta tsaya. Sai ana jibi-jibi wata zai tsaya, na buɗa kacalla na leƙa, na ga abin da nake nema kwance a kan tire kamar an buga hatimi.

Fito da shi ya fi komai wuya. Tire cike da taɓo a ka, ruwa har ƙirji, ƙafa na nutsewa, ba halin ka karkata. Na fito na bi ta cikin lambuna a haka, ruwa na zuba daga jikina, yara suka biyo ni suna tambaya ko tallar me nake. A ƙofar Jauro na sauke shi, aka aika kiran Sarkin Noma, kafin ka ce me wuri ya cika. Ɗanjuma ya duƙa ya duba, ya miƙe ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba, amma wannan ai ko shi in aka ba shi tsinke zai zana. Mutane suka yi gunaguni, wasu na cewa haka ne.

Jauro ya shafa gemu, sannan ya ɗaga kai ya ce a kira Hamisu. Ban so haka ba. Duk garin ba wanda ya kai shi sanin ƙafar tsuntsun nan, tunda ya riƙe ta a hannu ya fige, amma ƙanin mai neman filin ne, kuma ni na kai shi ƙara. Ya zo ya tsuguna a gaban tiren ya daɗe. Ya karkata kai ta nan, ya koma ta can, ya miƙa yatsa kamar zai taɓa ya fasa.

“Ranka ya daɗe, tsinke ba ya yin wannan,” in ji shi. “Ga inda ta dogara da ƙafa ɗaya tana cin kara, ya fi zurfi. Na jiya ne ko na yau da asuba.” Ya sake matsawa kusa, muryarsa ta yi ƙasa. “Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ga na yara nan a bayanta.”

Na gan su tun a cikin ruwa, ƙananan sawu suna bin babban a karkace, amma na bar shi ya fito daga bakin da ba nawa ba. Yayansa ya harare shi, shi kuwa bai ɗago ba. Can ya dube ni ya ce, “Malam Garba, ta wane gefe ka samo?” Na ce masa a ruwa. Aka yi dariya, shi ma ya yi, bai ƙara tambaya ba.

Jauro ya ce magana tana nan yadda aka yi ta. Ba duka muka samu ba, kada ku ɗauka tatsuniya nake ba ku. An yanki bakin kusurwar ta kudu aka ba samarin, ni da kaina na taya su sara, kuma Ɗanjuma ya shekara yana amsa gaisuwata da ka. Amma tsakiyar ba ta ga wuta ba, har yau kuma ba ta gani ba. Ni kuma na ce daga ranar ba za a sake kunna kukan Mai-kunya a Tafkin Jauro ba, ko ni ko wani, shaidar kowace kaka ta koma tire. A wasu fadamun muna amfani da lasifika har gobe, zan kuma koya muku, amma ba a nan ba.

Tiren na bar shi a inuwa ya bushe a hankali don kada ya tsage, sannan na ɗauki tasi na kai shi Ɗan Iya. Lokacin Malam Buba ba ya ganin komai sai haske da duhu, yana zaune a zaure kan buzu. Ban gaya masa ko mene ne ba, na ɗora masa a cinya kawai. Ya bi gefen tiren da hannu, ya gangara kan taɓon, yatsansa ya faɗa cikin babban sawun ya bi shi har ƙarshen farce. Sai ya samu ƙananan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya sake bi. Na tsaya ina jiran abin da zai ce. Da ya buɗe baki sai ya ce, “Ɗan tela, har yanzu kana danne hannu.”

Tun daga shekarar ban sake jin kukanta a fadamar nan ba, ban kuma sake ganinta ba. Ban sani ba ko iyayen ne ke koya wa ’ya’yan yin shiru, ko kuwa suna kukansu a lokacin da ba na nan. Ina so in sani kafin ƙafafuna su daina shiga ruwa, wataƙila a cikinku akwai wanda zai gano. Abin da na sani shi ne duk kaka tire na fitowa da sawu. Hajara kuwa ta haƙura da shi, ta sa na saya mata wani.

To, la'asar ta yi, taɓo ya yi daidai. Ku kashe wayoyin nan ku sa a aljihu, kai ma mai jar hula. Ga sakaina nan a buhu, kowa ya ɗauki ɗaya, ku naɗe wanduna ku biyo ni.